Iro Na Asabar da Motar da Ba a Aiko Goronta Ba

Shekarar da soja suka canja launin takardun kuɗi, mutane suka yi ta layi a ƙofar banki da tsofaffin kuɗi ƙunshe a bakin zani, a shekarar ne muka kai Iro makwancinsa a Inugu. Shekara arba'in ke nan har da ɗoriya. Waɗanda muka ɗauki makarar da su yawancinsu sun bi shi, Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Ni da na rage, na ga ya kamata in faɗi abin da na sani game da shi tun ina da sauran numfashi, domin yaran unguwarmu ta Ogui in ka ce musu Iro na Asabar, sai su ɗauka wani mai okada kake nema.

Sunansa Ibrahim. Allo ɗaya muka wanke a gaban malami ɗaya, kuma mota ɗaya ta dawo da mu kudu bayan an gama yaƙin basasa, muna zaune a kan buhunan albasa. Ni na zauna a masallaci ina karantar da yara, daga baya aka ba ni limanci. Shi kuwa Allah ya ba shi baki. A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, wani gidan rediyo a Inugu ya ba shi ɗan lokaci duk ranar Asabar bayan la'asar, don ya yi wa Hausawan kudu bayani da harshensu. An so ya yi 'yan makonni ne ya koya wa direbobi sabon hannu. Sai ya zarce fiye da shekara goma.

Shirin nasa dambu ne, babu abin da ba a zuba ba. Zai fara da farashin shanu da goro da albasa. Ya juya ya koya wa fatake yadda ake ajiya a banki, da abin da ya sa takardar cak ba laya ba ce da za a ɗinke a fata. Ya sa faifai. Ya kawo wani ɗan kasuwa su yi hira, ya yi ta tsokanarsa har sai ya faɗi yadda ya fara da tiren goro. Duk abin da zai faɗa da ajami yake rubuta shi a bayan takardar sukari, ya ce boko yana sa masa tuntuɓen harshe. Sannan a ƙarshe ya zo wurin da kowa ke jira, wato sanarwar sababbin motoci.

Sai mai karatu ya tuna wane zamani ne wannan. Mun dawo kudu da tabarma da buta, wasu sun tarar da ɗakunansu babu rufi. Ba a jima ba kuɗin mai ya ɓarke. Wanda ka sani jiya a kan keke, yau ka gan shi ya naɗe gilashi yana ɗaga maka hannu. A wurin mutanen da suka taɓa gudu da ƙafa, mota ta wuce abin hawa. Shaida ce cewa an dawo, an kuma zauna. Shi ya sa aka yi wa abin al'ada: duk wanda ya sayi mota zai aika wa Iro goro. Goron shi ne izini. In ya iso, Iro ya faɗi sunanka da launin motar, ya yi maka addu'ar a kashe lafiya, daga Inugu har Anaca har Fatakwal a ce amin. In goro bai zo ba, ko jirgin sama ka saya babu ruwan Iro. Sau ɗaya tak ya ƙetare wannan ƙa'ida, kuma labarin da zan bayar ke nan.

A Anaca, kusa da bakin gada inda ake kira Hedbirij, akwai wani fatoma, Alhaji Tanko. Ga wanda bai sani ba, fatoma shi ne mai masaukin fataken shanu. Baƙo zai sauko daga arewa da dabbobinsa ya sauka a gidansa, shi fatoman zai nemo mahauta, su ɗauki shanu su yanka su sayar, sannan su kawo kuɗi. Tsakanin ɗauka da biya babu takarda, babu sa hannu, babu komai sai kalmar fatoma. Jarinsa duka sunansa ne. Don haka fatoman kirki ba ya sabon ɗinki ma a idon baƙinsa sai ya sallame su. Alhaji Tanko dogo ne, marar yawan magana, kuma a zaurensa Iro ya fara kwana kyauta lokacin da muka dawo ba mu da ko sisi.

A shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, Iro ya je Hedbirij tattara farashi kamar yadda ya saba. Ya biya ta gidan Alhaji don gaisuwa bai same shi ba. Yana fita sai ya hango ta ƙofar gareji an ɗage gefen tamfol, ga hancin mota baƙa wuluk, ƙirar Jamus, irin mai tauraro a goshi, ko lamba ba a sa mata ba. Ya tambayi mai shayin ƙofar gidan ko ta wace ce. Mai shayi ya ce motar da ke gidan Alhaji, ta wa za ta zama? Iro ya dawo Inugu yana murna kamar shi ya saya. A ganinsa kawaici ne ya hana Alhaji aiko goro, shi kuma ga damar da zai rama alheri.

Ina zaune a ƙofar masallaci ranar Asabar ɗin na ji shi da kunnena.

"Jama'ar Anaca, ku taya ni ƙorafi. Alhaji Tanko ya shigo da mai tauraro, ya lulluɓe ta da tamfol kamar amarya, ya hana mu goro. To Alhaji, mun yafe goron. Allah ya sa a kashe lafiya."

Mu a Ogui dariya muka yi. A Anaca ba a yi dariya ba. Wannan watan mahauta sun yi jinkirin biya, kuma Alhaji ya daɗe yana ba baƙinsa haƙuri. Suna zaune cike da zaurensa, rediyo a tsakiya, shi ma yana cikinsu. Wanda ya ba ni labari ya ce da maganar ta fito, babu wanda ya kalli Alhaji, kowa ya kalli tabarma. Aka bar faifai yana ta juyawa shi kaɗai. Can wani dattijo daga cikin baƙin ya tambaya a hankali ko gaskiya ne akwai mota a garejin. Alhaji ya ce akwai. Ya tambaya ko tasa ce. Alhaji ya yi shiru. Dattijon ya naɗe buzunsa, ya ce zai koma gidan wani fatoma kafin magariba, a aika masa da haƙƙinsa can in an samu. Kafin Juma'a ta zagayo zauren ya zama fayau. Magana zarar bunu ce, kuma wannan direbobi suka ɗauke ta suka haura da ita arewa.

Da labari ya iso mana, Iro ya zo ya same ni fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Ya ce in raka shi Anaca, wataƙila a ji kunyar rawani. Mun isa bayan azahar. Alhaji ya amsa gaisuwata a cike, ta Iro kuma ya amsa ta da ka. Iro ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa, ya ce shi dai alheri ya nufa, kuma Asabar mai zuwa zai faɗa wa duniya duk abin da Alhaji ya ce ya faɗa, ko da a ce shi Iro maƙaryaci ne.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya sa muka yi masa alkawari a kan abin da za mu ji, ya leƙa cikin gida ya yi kira. Wata mata Ibo ta fito, sanye da baƙaƙen kayan takaba. Ya ce mana wannan Mama Emeka ce, matar Okoli. Lokacin da gari ya rikice kafin yaƙi, Okoli ne ya ɓoye shi a bayan motarsa tsakanin garewanin manja ya ƙetare da shi gada. Bayan yaƙi Okoli ya samu kwangila, ya yi odar mota ta tashar jiragen ruwan Fatakwal, amma ya faɗi ya mutu motar na isowa. 'Yan'uwansa sun shiga rigimar gado, sun riga sun kulle shago sun karɓe gida. Sun san an yi odar mota, ba su san inda take ba. Motar kaɗai ta rage wa matar da yaranta, kuma da ita take so ta yi musu karatu. Shi ya sa ta kawo ta gidan da ba za a yi zaton nema ba.

Matar ta kalli Iro ta yi magana da gurɓatacciyar Hausar kasuwa. Ta ce tun da aka faɗa a rediyo, ƙannen mijinta sun daina yi mata sintiri a ƙofa, kowa ya ɗauka motar Alhaji ce. Ta ce ita ba ta san ko ta gode masa ba ko ta tsine masa.

A nan muka gane irin ramin da aka faɗa. In Iro ya ce motar ba ta Alhaji ba ce, tambaya ta gaba ita ce ta wace ce, kuma marayu sun rasa. In ya yi shiru, sunan Alhaji ya tafi. Iro ya fara kawo dabaru, ko a ce ta wani baƙo ce, ko a ce aro ce. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ba za a yi ƙarya da sunana ba, ba kuma za a yi gaskiya da abincin marayu ba. Kai Ibrahim, ka yi magana ba a tambaye ka ba. Yanzu ka yi shiru har sai an ce ka yi magana. Iyakar abin da nake nema a wurinka ke nan."

Bai sake ce masa komai ba, ran nan da kuma shekarun da suka biyo baya.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ku auna wannan hukunci a kan mutumin da bakinsa ne gonarsa. Duk Asabar yana zaune gaban abin magana, gari uku na sauraro, kalmomin da za su wanke mutumin suna kan harshensa, ya haɗiye su ya sa faifai. A wuraren shayi in ana gardamar Alhaji Tanko, mai zargi yakan rufe bakin kowa da cewa ai Iro ne ya faɗa, Iro kuwa ba ya ƙarya. Amincin da ya tara shi ya zama igiyar da aka ɗaure Alhaji da ita.

Ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ranar da ƙanen Okoli ya zo Inugu. Ya same mu tare a ƙofar masallaci, mutum mai ladabi, da takardun tashar jiragen ruwa a hannu. Ya ce ya ji an yi sanarwar wata baƙar mota a Anaca, shi ma baƙar mota yake nema, ko Iro ya tabbata ta wannan Alhajin ce? In Iro ya yi inda-inda, mutumin zai wuce Anaca da 'yan sanda. In ya rantse, ya yi ƙarya a ƙofar ɗakin Allah. Ya gyara hula ya yi murmushin nan nasa na rediyo, ya ce: "Oga, abin da na faɗa kowa ya ji shi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ka taɓa jin na dawo na ce na yi kuskure?" Mutumin ya ce bai taɓa ji ba, ya yi godiya ya tafi. Iro ya shiga masallaci ya kifa kansa a bango. Ya tsare marayu, ya kuma ƙara wa Alhaji ƙusa da hannunsa.

Alhaji Tanko ya sayar da abin da ya mallaka ya sallami kowane baƙo, babu wanda ya rage yana bin sa ko kwabo. Amma baƙi ba su dawo ba. Daga baya ya sayar da motar a matsayin tasa, ya miƙa wa Mama Emeka kuɗin a asirce, mutane kuma suka ce ga shi nan, alhaki ya sa ya amayar. Ko bayan nan bakin Iro bai buɗe ba, domin da dangin sun ji, da sun ce ta saci dukiyar gado. Ƙarshe ya bar Anaca ya koma Fatakwal, ya kama ɗakin haya a Borokiri yana sayar da goro a tire, mutumin da a da ake yanka masa rago don a sauka a gidansa. Iro ya sha aika masa saƙo da ɗan abin hannu ta wurin direbobi. Saƙon ba a amsawa, abin hannun kuma yana dawowa yadda ya tafi.

Nakan zauna yanzu in ga jikokinmu da waya a hannu. Ga wani yaro ya jingina da motar da ba tasa ba yana koya wa mutane yadda za su yi arziki kafin Litinin. Ga wata tana faɗin farashin dala tana rawa. Ga wanda ya ɗauki hoton gidan mutum da motarsa ya watsa wa duniya, ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasa. Dambun Iro ne dai, sai dai yanzu kowa na da gidan rediyonsa a aljihu, kuma kowace rana Asabar ce. Ba na jin zai tsane su. Na san shi, da ya nemi a koya masa, da kuma ya fi su iya tsokana. Amma na tabbata tambaya ɗaya zai riƙa yi musu har su gaji da shi: an aiko maka goro? Tun daga ranar Anaca, ko da mutum ya tsaya a gabansa da makulli a hannu, sai ya tambaye shi sau biyu ko ya yarda a faɗa, ko akwai wanda sanarwar za ta taɓa. Masu tallan motoci da ke ɗaukar nauyin shirin sun sha ƙorafi cewa ya yi sanyi. Ya ce gara sanyi da ƙuna.

Kuɗin mai ya ja baya, masu talla suka janye, lokacin shirin ya tsuke, shi ma Iro ciwo ya fara cin sa har rigunansa suka yi masa yawa. A wannan halin ne wata rana Mama Emeka ta zo Ogui da wani saurayi mai gemu. Emeka ne, ya gama karatu, ya zauna da baffanninsa sun kashe maganar gado, ya kuma gaya musu komai da bakinsa. Ta ce ta je Borokiri ta kwance wa Alhaji alkawarin rufa mata asiri, bai ce komai ba sai alhamdulillahi. Yanzu ta zo ta kwance wa Iro nasa.

Asabar ɗin ni na riƙe shi muka hau matakalar gidan rediyon. Ya yi farashi, ya sa faifai, ya yi 'yar tsokanarsa da muryar da ta shaƙe. Da aka zo wurin motoci sai ya ture takardar sukarin gefe.

"Yau ma akwai mota, amma tsohuwa ce. Ni na sanar da ita ba a aiko ni ba. Duk wanda ya taɓa cewa ai Iro ne ya faɗa, to ya matso kusa, Iro zai sake faɗa."

Ya ba da labarin tun daga garewanin manja har tiren goro na Borokiri, bai rage wa kansa komai ba. Ya roƙi direbobin da suka haura da maganar farko su haura da wannan ma, su kai ta duk zangon da waccan ta kwana.

Daga nan muka shiga jira. Mutane sun yi ta zuwa, wasu na kuka, wasu tsofaffin fatake sun aiko daga arewa suna neman a nema musu gafara. Daga Borokiri kuwa shiru. Iro bai ƙara komawa rediyo ba, ciwo ya kwantar da shi. Duk lokacin da na shiga duba shi, kafin ya amsa sannu sai ya ce, Malam, an ji daga Fatakwal? In ce tukuna. Ya juya fuska bango. Da wannan tambayar a bakinsa ya cika.

In aka ce me ya rage na Iro, ba fayafayan ba ne, sun narke. Ba motocin ba ne, masu tauraron nan duk sun zama kwano da murhu. Alhaji ma bai koma fatomanci ba, shekaru sun riga sun tafi. Abin da na ga ya rage shi ne mutum ya san nauyin bakinsa: ya iya riƙe shi lokacin da riƙewar ke ƙona shi, ya kuma iya buɗe shi a kan kansa a wurin da ya yi ɓarnar, ba a ɗaka ba.

Ranar jana'iza an jera sahu a filin masallaci, makara a gaba. Na juya na yi tambayar da ake yi kafin a ɗaga kabbara, ko akwai wanda yake bin mamacin bashi ya faɗa. Galibi shiru ake yi. Sai na ji ƙarar sanda daga sahun baya. Wani dogon tsoho ya ratso mutane, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota. Waɗanda suka gane shi suka fara ja da baya suna ba shi hanya. 'Ya'yan Iro suka sunkuyar da kai. Ya zo ya tsaya daidai kan makarar.

"Malam, na bi shi bashi. Sunana ya ɗauka ranar Asabar a gaban jama'a, ya kuma dawo mini da shi ranar Asabar a gaban jama'a. Na ji da kunnena. Ban amsa ba ne don na rasa da wace fuska zan zo. Na ɗaure bakin mutum shekara da shekaru, ko gaisuwarsa ban karɓa ba, shi kuwa bai kwance ba ko sau ɗaya. Ina ta shirin zuwa, Allah ya riga ni."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙunshin ganye, ya miƙo mini. Fararen goro ne a ciki.

"Ga goron da ban aiko ba, a raba wa jama'a. Yi masa salla, Malam. Babu bashi."

Ya jingina sandarsa a ƙasa, ya shiga sahun farko, na ɗaga kabbara.